Abin da Ya Sa Na Tarwatsa Taron Gidan Alhaji Sada

Safiya, Bashir, wannan babin naku ne, kuma ba da sanyin rai nake rubuta shi ba. Ranar Sallar da ta wuce ina kicin ina juya miyar taushe na ji ki, Safiya, kina gaya wa 'yarki a falo wai ta bi kakarta a hankali, don ita ce ta taɓa tarwatsa taron dattawa a unguwar Summerfield da baki kawai. Kuka kwashe da dariya, har da kai Bashir, kana bakin ƙofa kana cire takalmi. Ni ban yi dariya ba. Ajiye ludayin na yi na tsaya ina kallon tukunya, ina cewa a raina, wato abin da ya raba ni da mutane shekara da shekaru shi ne yau ya zama abin ba jikoki nishaɗi. To, tunda har ya kai kunnen jikoki, gara ku ji shi daga bakin wadda ta yi. An ba ni izinin faɗa muku, ku biyu kaɗai, kuma da na ga dama da tuni na faɗa. Fushi ne ya hana ni.

Abin ya faru ne ana gab da shiga shekarar da takarda ta ce zan cika sittin da biyar. Na ce takarda, don kun san mu da aka haifa a ɗakin uwa, ba wanda ya rubuta rana. Magatakardan da ya yi mana fasfo bai wahalar da kansa ba, ɗaya ga Janairu ya yi ta raba mana kamar goron suna. Shi ya sa a nan Greensboro, garin Turawan da muke zaune, sai ka tarar da tsofaffi da yawa sun tsufa rana ɗaya, har da waɗanda a gida ɗaya ya goyi ɗaya. A shekarar mu da yawa ne muka isa layin tare, maza da mata.

A ƙasar nan in ka kai wannan shekarun gwamnati takan ba ka katin inshorar tsofaffi, mai ja da fari da shuɗi. Kada ku ce kun sani, ba ku sani ba tukuna, sai ya zo kanku. Katin yana biyan mafi yawan kuɗin asibiti da likita, ya bar maka saura, kuma ba ya sayen maganin da kake karɓowa a kemis. Daga nan hanya biyu ce. Ko ka riƙe katin gwamnati, ka sayi ƙarin inshora da za ta cike giɓin, ka sayi ta magani daban, kana biya duk wata, amma ka ga likitan da ranka yake so muddin yana karɓar katin. Ko kuwa ka miƙa komai ga kamfani ɗaya ya dunƙule maka, sau da yawa ba ƙarin ko sisi a wata, har da alkawarin haƙori da tabarau, sai dai su ne za su faɗa maka likitocin da za ka gani da magungunan da suka yarda da su. Abin da ba a faɗa da ƙarfi shi ne, ƙarin inshorar can ta farko, a 'yan watannin farko ne ake sayar maka da ita ba tare da an tona lafiyarka ba. In lokacin ya wuce suna da ikon tambayarka duk ciwon da ka taɓa yi, su kuma ce ba sa so. Tun ganye bai fara ja ba akwatin wasiƙunmu ya cika da hotunan tsofaffin Turawa suna dariya a kan keke, waya kuwa ba ta hutawa, kowa ya san sunana, kowa yana ƙaunata. Shekarun da na yi ina dafa wa 'ya'yansu abinci a kicin ɗin makaranta ba wanda ya taɓa kira ya ji yadda na kwana.

Yanzu sai in zo kan Hajiya Uwani, Allah ya jiƙanta. Kun san ta da Maman Nafisa, 'yar Gusau, gajeriya mai sanyin magana, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya tilo a wani gidan haya bayan titin Wendover. A ɗakin wankin wani otal take aiki, ba ta kuma iya tuƙi a babban titi, don haka kusan duk inda za ta a motata ne. Abin da ba ku sani ba shi ne, 'yan shekaru kafin wannan taron, wata rana ta ja ni ɗakinta ta kulle ƙofa, ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta na hagu. Wani ƙullutu na ji, mai tauri kamar ƙwallon dabino. Ciwon daji ne. Aka cire nonon gaba ɗaya. Nafisa tana jami'a a wata jiha a lokacin, mutane kuwa aka ce musu Uwani ta tafi wurin ƙaninta hutu, alhali tana kwance a ɗakinta labule a sake, ni ce nake zuwa daga aiki in wanke mata ciwon in ba ta kunu. Mahaifinku yana tsammanin ƙarin aiki aka ba ni a makaranta. Allah ya taimaka ba a yi mata maganin nan mai zubar da gashi ba, ƙwaya ɗaya aka ɗora ta a kai kullum, da zuwa wurin likitarta lokaci-lokaci a duba. Da ta miƙe ta sa abin cikon da aka ba ta a rigar nono, ta yafa mayafi, ta fito kamar ba a yi ba.

Na yi da ita ta faɗa wa ko da 'yarta ce. Ta kama hannuna biyu.

“Asabe, kin san mutanenmu. Za su ce gado ne. Wa zai auri Nafisa?”

“To wanda zai guje ta don wannan, ai ya tafi can.”

“Ke kina da miji da 'ya'ya biyu, kina iya faɗar haka. Ni ita ke nan gare ni. Ki rantse mini.”

Na rantse. Abin ya ba ni haushi tun a lokacin, har yau kuma yana ba ni, a ce mace ta rasa tsokar jikinta sannan ta koma ɓoyewa kamar ta yi sata. Amma ƙarya ta faɗa? Ni da kaina na sha zama a wurin da ake tankaɗe zuriyar yarinya kafin a kai goro, a ce gidansu akwai kaza da kaza.

A asibitin akwai wata ma'aikaciya, baƙar fata mai furfura, da take taimaka wa marasa lafiya da sha'anin biya. Da ta ga shekarun Uwani sun matso sai ta zaunar da mu ta ce, kafin ta sa hannu a kowace inshora ta tambayi abu biyu: likitarta tana ciki, ƙwayarta tana ciki? Ta ce ba duka kamfanoni ne suke aiki da asibitinsu ba, kuma mai irin ciwonta in ta bar lokacin nan na farko ya wuce, da wuya a sake buɗe mata ƙofa. Iyakar ilimina ke nan a wannan fanni, kuma ba ni na nemo shi ba, a kunne aka zuba mini.

Sai ga Kabiru. Ɗan Alhaji Sada ne, shugaban ƙungiyarmu, mai manyan motocin ɗaukar kaya, wanda ya gina gidan nan a Summerfield kusa da masu dawakai. Kabiru yaro ne mai ladabi, ba zan hana shi wannan ba. A shekarar ya sami lasisin sayar da inshora, a shekarar kuma aka kai masa kuɗin gaisuwar Nafisa, aka sa rana bayan sanyi. Uwani kamar ta taka rawa a titi. Ana cikin haka Alhaji Sada ya aiko da saƙo a zauren ƙungiya na waya cewa duk masu cika shekaru su hallara a gidansa ranar Lahadi bayan azahar, ɗanmu zai yi wa kowa rajista. Ya ce abin da za a ba bare, a ba ɗan gida. Wa zai ce a'a? Rabin mazan da ke wurin shi ya samar musu aikin farko da suka zo ƙasar.

Na ce wa Uwani kada ta je. Ta ce in ba a gan ta ba me za a ce, uwar amarya ta ƙi sana'ar surukinta? Muka shirya za ta ce ta manta katinta a gida. Ashe ta sa shi a jaka, don Uwani ba ta iya shirya ƙarya, sai dai ɓoyewa.

Falon ya cika. Maza a kan kujeru, mu mata a kan kafet ta gefen tagar, Hajiya Indo, uwargidan Alhaji, tana ta shiga da fita da waina da farfesu. Kabiru ya tsaya a tsakiya da kwamfutar hannunsa ya yi bayani rabi da Hausa rabi da Turanci.

“Ziro firimiyam ne, Baba, ba a biyan komai a wata. Akwai dental, wato gyaran haƙori, akwai tabarau, har da katin shiga jim kyauta.”

Aka yi ta kabbara. Alhaji Sada, wanda tun da na san shi ban taɓa ganin ya yi sauri ba ko ruwan sama ake yi, shi ya fi kowa murna da wurin motsa jiki. Wani ya tambayi asibitin da za a riƙa zuwa, Kabiru ya ambaci sunan wani, ba wanda likitar Uwani take aiki a ciki ba. Na kalle ta. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi.

Daga nan ya fara bi ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya a gaban kowa, a bainar jama'a, wane magani ake sha, wane likita ake gani. Tambayar daidai ce, aikinsa ne ya yi ta. Wurin ne ba daidai ba, kuma a cikin manyan nan masu furfura ba wanda ya ga haka. Maza suka riƙa cewa hawan jini, suga, suna dariya, don waɗannan cututtuka ne na masu mutunci. Akwai wani malami a cikinsu da kowa ya san ba ya iya zaman wa'azi ɗaya bai tashi kama ruwa ba sau da yawa, shi ma ya ce hawan jini kawai. Da aka zo kan mata kuwa, kowace sai ta ce maganin ciwon kai, shi ma jefi-jefi. Ka rantse ba a taɓa tara masu lafiya irinmu ba a jihar nan.

Da ya iso kan Uwani ya durƙusa daga nesa ya sunkuyar da kai, ita kuma ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ku da kuka tashi a nan ba za ku gane nauyin wannan ba. Matar da ko ruwa ba za ta sha a gabansa ba, wadda ko sunansa ba ta iya kamawa, ita ce ake so ta buɗe baki ta yi masa zancen nononta, uwarsa da ubansa suna zaune suna ji.

“Mama, akwai maganin da ake sha kullum?”

“Babu.”

“Ko wani likita na musamman da ake gani?”

“Lafiya lau, alhamdu lillahi.”

Hajiya Indo ta yi dariya daga bakin ƙofa ta ce, “Ai Uwani ƙarfe ce, duk ta fi mu lafiya.”

Ya nemi katin. Na ga hannun Uwani ya shiga jaka ya fito da shi. Ya kwafi lambar, ya miƙo mata kwamfutar ya ce ta sa hannu da yatsa a nan ƙasa.

Ku gaya mini, ku masu digiri, me kuke so in yi? In faɗi gaskiya in karya rantsuwa, in tona ta a gaban surukanta? In yi shiru in zuba ido ta rabu da likitar da ta san jikinta, ta kuma bar ƙofar nan ta rufe a bayanta? In raɗa mata a kunne? Na yi, na taɓa ta da gwiwa har sau biyu, ba ta ko waigo ba. Abu ɗaya ya rage mini, shi ne in ta da ƙurar da za ta sa kowa ya manta da Uwani ya dawo kaina. Yatsanta na gab da taɓa gilashin na ɗaga murya.

“Kai Kabiru, dakata. Nawa ake ba ka a kan kowane kai?”

Kowa ya waiwayo. Yaron ya ɗago yana kallona kamar bai ji Hausar ba.

“Na ce nawa kamfanin yake biyanka in ka kai masa tsoho ɗaya? Tunda an tara mu kamar ragunan layya, ai ya kamata mu san farashinmu.”

Alhaji Sada ya ajiye kofin shayinsa. “Hajiya Asabe, a gidana?”

“A gidanka, Alhaji, tunda a nan ka buɗe kasuwar.”

Mahaifinku ya kira sunana sau ɗaya, da irin muryar da ban taɓa jin ya yi mini a gaban mutane ba. Na yi kunnen uwar shegu da shi. Na fizge katin daga hannun Kabiru na jefa a jakata, na miƙe na ce Uwani a motata ta zo, a motata za ta koma, katinta yana hannuna, mai so ya zo ya ƙwata. Aka yi mini ca, mata suna salati, wata tana cewa baƙin ciki ne don ba 'yata aka nema ba. Na fice ko takalmi ban gama sawa ba. Uwani ta biyo ni tana ce musu bari ta je ta rarrashe ni.

Sai da muka wuce gonakin dawakan nan sannan ta fashe da kuka.

“Kin kashe auren 'yata, Asabe.”

“Ban kashe ba. Gobe da safe ki kira Hajiya Indo ki ce mata kin daɗe kina haƙuri da halina. Ki ce na riƙe miki kati na hana ki. Ki zage ni da kyau, kada ki rage.”

“Ba zan iya ba.”

“Za ki iya. Ke dai ki yi shiru, su za su ƙarasa miki zagin.”

A makon na kai ta ofishin da ake ba tsofaffi shawara kyauta. Mace ɗaya ce a ɗaki, ta rufe ƙofa, Uwani ta zazzage ledar maganinta a kan tebur ta faɗi komai ba tare da ta rufe fuska ba. Aka zaɓa mata ƙarin inshorar da za ta bar ta da likitarta, da ta maganin da ƙwayarta take ciki. Ni ma irinta na ɗauka. Biyan wata-wata ya yi wa Uwani nauyi, har sai da ta koma yin alkaki da dubulan na sayarwa bayan ta bar otal, amma ba ta taɓa fashi ba. A gari kuwa labarin da ya bazu shi ne Asabe ta ja baiwar Allah ta kai ta wurin bare ta yi mata rajistar dole, don dai ta hana yaro cin abinci.

Ranar taron da muka koma gida mahaifinku ya zauna a bakin gado ya cire hula.

“Ki shirya gobe mu je ki ba da haƙuri.”

“Ba zan je ba, Malam.”

“Me yaron nan ya yi miki?”

“Ba abin da ya yi mini.”

“To me ya sa?”

“Haka nan.”

Ya dube ni. Sannan ya ce, “Tun da na aure ki ban taɓa ganin kin yi abu haka nan ba.” Ya mai da hularsa. Washegari shi kaɗai ya je Summerfield ya ba da haƙuri a madadin gidansa, bai kuma sake tambayata ba har ya koma ga Allah. Bai san komai ba, amma ya san matarsa. Ku riƙe wannan, don zan dawo kansa.

Ke kuwa Safiya, kafin magariba kin kira ni. Da Turanci kika yi mini faɗan, don ya fi miki saurin fita, kika ce na kunyata ku, kika ce ke ce babbar ƙawar amarya, da wane ido za ki kalli Nafisa. Ba ki tambaye ni dalili ba ko sau ɗaya. Kai kuma Bashir, ka zaci ban ji ba lokacin da kake gaya wa mahaifinka a gareji wai ko a kai Mama a duba ƙwaƙwalwarta, wai irin wannan fushin alama ce ta ruɗewar tsufa. Na ji. Ina bayan ƙofa da kwandon wanki a hannu.

Aka cire ni daga zauren mata na waya. In na shiga wurin suna sai hira ta koma ta yanayin gari. Na taɓa kai kula cike da masa wani taro, ni da a da ake faɗa a kan masata, na dawo da ita yadda na kai ta, ko murfin ba a ɗaga ba. Da bikin ya zo aka raba anko har ga matan da suka zo garin jiya, ni ba a aiko mini ba. A gidana kika yi kwalliya ranar, Safiya, kika miƙo mini kai na ɗaura miki gwaggwaron ankon da aka hana uwarki, kika duba madubi kika ce ya yi, kika fita. Dubulan ɗin da kuka ci a wurin kuna santi, kuna cewa daga Gusau aka aiko shi, a kicin ɗina aka soya shi, don hannun Uwani na hagu ba ya jure tsayuwa a kan mai.

Shekarun da suka biyo baya, a bainar jama'a ni da Uwani sai gaisuwar nesa, ita ma ciki-ciki. Ranar zuwa asibiti kuwa sai ta hau bas ta sauka a filin ajiye motoci na wani babban kanti a Wendover, in same ta can ƙarshen layi inda ba kowa, ta faɗo motar ta zame a kujera. Tsofaffi biyu da furfura muna laɓe-laɓe kamar masu sayar da abin da hukuma ta hana. Kada ku ɗauka ban ji haushinta ba. Na ji, na kuma faɗa mata. Na ce har yaushe? Ta ce sai Nafisa ta zauna daram a ɗakinta. Da ta zauna ta ce sai ta haihu. Da ta haihu ta ce ai yanzu magana ta wuce, a bar ta. Ita ta wuce mata, ni ce nake zaune ni kaɗai a ƙarshen tabarma ranar Idi. Abu ɗaya na tsaya a kai ban saki ba, sai da ta gaya wa Nafisa don yarinyar ta je a riƙa duba ta. Ita ma rantsar da ita ta yi.

Ban ce inshorar Kabiru ba ta da amfani ba. Da yawa daga cikin mutanen falon nan suna nan a kanta lafiya lau, Alhaji Sada har haƙora ya sa da ita, yana ta washe su a hotunan ƙungiya. Ga mai lafiya ta yi. Uwani ba mai lafiya ba ce, kuma an shirya taron ne yadda mara lafiya ba zai iya buɗe baki ba. Wannan shi ne laifin, kuma na manya ne. Har yau ban ji wanda ya ce a cikinsu an yi kuskure ba.

Ciwon ya dawo, wannan karon a ƙashi. Aka ce wa mutane sanyin ƙashi ne na tsufa. Likitarta ta dā ce ta karɓe ta, a asibitin da suka san ta, ba wanda ya ce ta koma wani wuri ta fara bayani daga farko. Ta ƙara shekaru masu kyau. Ta goyi 'ya'yan Nafisa, ta raka na farin bakin motar makaranta, tana dogara sanda. Ranar ƙarshe da na ɗauko ta daga asibiti ta ce in tsaya a gefen titi.

“Asabe, na cinye miki suna.”

“Kin cinye.”

“Zan biya.”

“Da me? Da alkaki?”

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce, “In na tafi, ki gaya wa 'ya'yanki. Su kaɗai.”

Da hantsi ta cika, a hannun 'yarta. Muna taruwa a masallaci Nafisa ta miƙe a cikin mata ta ce mahaifiyarta ta bar wasiyya: mutum biyu za su wanke ta, Hajiya Indo da Hajiya Asabe, ita Nafisa ta zuba ruwa. Hajiya Indo kowa ya sani, ita ce ta saba wanke matanmu. Sunana ne ya sa aka fara kallon-kallo, wata har ta ce Allah sarki Uwani, ta yafe wa maƙiyinta har a bakin kabari. Na haɗiye wannan ma.

Muka shiga ɗakin wankan aka rufe ƙofa. Hajiya Indo ba ta ce mini ko sannu ba. Ta naɗe hannunta da ƙyalle, ta yi bismilla, ta sa hannu ƙarƙashin zanen da aka lulluɓe ta da shi. Ta wanke dama. Da ta zo hagu sai hannunta ya tsaya. Ta ɗan ɗaga zanen ta duba. Wurin a shafe yake, sai dogon tabo da ya daɗe da warkewa har ya yi fari. Ta daɗe a sunkuye, ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannunta.

“Wannan tsohon tabo ne,” ta ce.

“Tsoho ne.”

“Tun kafin auren?”

“Tun kafin taron.”

Ta sauke zanen a hankali. Ta kalli Nafisa, matar ɗanta, uwar jikokinta, yarinyar tana riƙe da buta hawaye yana zuba. Sannan ta juyo gare ni. A karon farko cikin shekarun nan ta dubi tsakiyar idona. Ta kwance ƙyallen daga hannunta ta miƙo mini.

“Ƙarasa mata, Asabe. Ke ce kika saba.”

Na ƙarasa. Kun san mai wankan gawa ba ta faɗar abin da ta gani, ko ga mijinta. Don haka da muka fito aka ɗauki Uwani, na gifta ta gaban Alhaji Sada a bakin ƙofa ya kawar da kai kamar yadda ya saba, har gobe kuma haka yake yi. Wannan bai dame ni ba, shi bare ne. Hajiya Indo kuwa tun daga ranar duk inda na kai kula ita ce take fara ɗaga murfin, ta zuba a faranti ta ci a gaban kowa.

Uwani ta biya, da abin da take da shi. Hajiya Indo sai da ta ga tabo sannan ta gane, ban kuma riƙe ta ba, don ba ta san ni ba sai a wurin biki. Mahaifinku bai ga komai ba, bai ji komai ba, ya ce matata ba ta yin abu haka nan. Ku fa? Ku da kuka sha nonona, tabon me kuke jira ku gani?